Kilishin wani shago a Maraɗi da takardar da aka manna masa

Shagon yana Maraɗi, ba nisa da babbar kasuwa. Ɗaki ɗaya ne, da rumfar kwano a gaba, sai fili a baya inda ake shanya. Kilishi iri uku suke yi, ja da fari da rumuzu, kuma duk wanda ya tambaye ni wanne zai fara saya, rumuzu nake ce masa. Shi ba a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, kamar sauran biyun. Mai da gishiri da ɗan kayan yaji ake shafa masa a gasa, saboda haka babu inda mai yi zai ɓoye aibin nama. In da jijiya za ka gan ta, in naman ya kwana kafin a buɗe shi hancinka zai gaya maka. Rumuzun wannan shago tsokar cinya ce zalla, an cire kitse da jijiya tas, an buɗe ta da wuƙa har idan ka ɗaga falle ɗaya kana hango hasken rana ta cikinsa. Yana karyewa a hannu ba tare da ya marmashe ba, kuma a baki ɗanɗanon naman ne ke fara isowa, yaji ya biyo baya.

Ni Bakatsine ne, lauya, kuma yawancin aikina yi wa ƙananan 'yan kasuwa rajistar tambari da sunan kasuwanci ne. Dangin mahaifiyata mahauta ne a Maraɗi, don haka na taso ina ganin yadda ake yin kilishi tun daga kwata har bakin wuta. Mai shagon nan ba ɗan'uwana ba ne, da kuɗina nake saye, kuma abin da zan faɗa ya haɗa abin da bakina ya ji da abin da idona ya karanta a jikin ledar.

Farinsu ma ya yi. Labun tunkuzar gyaɗa ce da citta da kanumfari da masoro da kimba da albasa, an dama shi da ruwa-ruwa yadda zai shiga naman, ba ya hau kansa ya zauna ba. Wannan shi ne wurin da ake yawan cutar mai saye. Wasu sukan lafta labu mai kauri a kan falle ɗan siriri, sai ka biya kuɗin nama ka tafi gida da ƙuli-ƙuli. A nan idan ka kankare da farce, abin da ke ƙasa ya fi abin da ke sama yawa nesa ba kusa ba. Shanya biyu suke yi kamar yadda aka gada, ɗaya kafin labu ɗaya bayansa, sannan a gasa a kan garwashi bayan harshen wuta ya kwanta. Ban taɓa jin ɗacin ƙonuwa ko warin hayaƙi a nasu ba. Gadajen shanyar an ɗaga su daga ƙasa, an rufe su da raga saboda ƙuda, abin da har yanzu ba kowane mai kilishi ke yi ba.

Jan ne ban gamsu da shi ba. Kalar ta yi yawa, tana kama yatsa da leɓe, ga zaƙin sukari da ke danne citta. Na gaya wa mai shagon, ya ce matafiya shi suka fi nema don tsaraba, ido ke saye kafin baki. Na fahimci uzurinsa na ɗan kasuwa, amma ni ba na sayensa.

Farashi ya fi na masu talla a tasha. Ƙullin da na saba ɗauka jaka biyar ne na sefa, kuma ba shi da girma. Wanda ya san cewa tsoka tana rasa fiye da rabin nauyinta a shanya, ya kuma san kuɗin sa a kasuwa yanzu, ba zai ce an yi masa tsada ba. Kilishin da ya cika araha shi ya kamata a yi wa tambaya.

Ga wanda ke Najeriya, ciniki ta WhatsApp ake yi da ɗan mai shagon. Ka tura saƙon murya, ya faɗa maka abin da ke akwai, ka biya ta hannun masu canji, shi kuma ya bai wa direba a tasha. Kayan su bi ta Ɗan Isa da Jibiya su iso Katsina, yawanci a ranar. Yaron yana da saurin amsawa kuma ba ya alkawarin abin da babu. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, ciniki ya tsaya, kuma da kansa ya kira masu saye ya ce kada kowa ya turo kuɗi.

Inda suke da gyara shi ne ƙunshi. Da can a takardar siminti ake naɗe kilishi, tana shan mai tana barin iska ta ratsa. Yanzu sun koma leda mai liƙewa don ta fi kyau a ido kuma ta fi tsare ƙura. Amma leda tana da sharaɗi, sai kilishi ya huce sarai kafin a rufe. Da damina an taɓa aiko mini da wani da aka liƙe da ɗuminsa, ya iso ya yi gumi a ciki ya yi laushi. Na aika musu hoto, suka sake aiko da wani ba gardama, ko kuɗin mota ba su karɓa ba. Wannan halin kirki ne. Sai dai har yau babu kwanan wata a jikin ledar, ba ranar da aka yi, ba ranar da zai daina kyau. Abincin da ake aika wa mutane nesa bai kamata ya fita haka ba.

Abin da ke jikin ledar shi ne wata takarda mai launin tutar Nijar da aka rubuta wa "Kilichi du Niger". A kanta muka yi doguwar magana wata rana da na je shagon da kaina. Yaron ya nuna mini ita da alfahari ya ce, "Barista, yanzu fa doka ta ba mu. An rubuta a duniya cewa kilishi na Nijar ne. Ku can sai ku nemi wani suna." Na ce masa, "Ƙanena, an ba ku abu mai daraja, amma ba abin da kake zato ba ne." Mahaifinsa yana zaune yana wasa wuƙa, ya ɗago ya ce, "To ɗana, kai da ka karanta, gaya muna abin da aka ba mu." Abin da na gaya musu a taƙaice shi zan faɗa a nan da ɗan faɗi, don na ji wannan magana a bakin mutane da yawa a ɓangarorin biyu na iyaka, wasu da murna wasu da fushi.

Akwai wata hukuma mai suna OAPI, hedikwatarta a Yawunde, da ke kula da haƙƙin mallakar fasaha na ƙasashen Afirka 17, yawancinsu masu amfani da Faransanci. Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce tushenta, kuma Nijar da Kamaru da Chadi duk suna ciki. Najeriya ba ta ciki. Cikin ayyukanta akwai rajistar asalin kaya, wato a ɗaure sunan wani abu da wurin da ake yinsa da kuma hanyar da ake bi, yadda ba wanda zai sayar da nasa da wannan suna sai ya cika sharuɗɗan. A 2013 ta fara da masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gini. A 2023 aka miƙa wa Nijar takardun kilishinta da na albasar Galmi, aka kuma yi wa cuku da fatar jar akuyar Maraɗi tambarin haɗin gwiwa. Abin da aka tsare shi ne kilishin da aka jingina wa Nijar. Idan wani a Garwa ko Abijan ya yi nasa ya rubuta cewa na Nijar ne, ya taka doka. Mahaucin unguwar Agadasawa a Kano da ke kiran kilishinsa kilishi bai taka komai ba, kuma dokar ma ba ta isa Kano ba. Sannan manna takardar a leda bai wadatar ba. Irin wannan rajista tana zuwa da kundin sharuɗɗa da ƙungiyar masu sana'a da ke sa ido, kuma mai son amfani da sunan sai ya shiga ya yarda a duba aikinsa. Na shawarci mai shagon ya nemi ƙungiyar ya yi abin a kan ƙa'ida, don aikinsa ya kai.

Ba na cikin masu jin haushin Nijar a kan wannan. Sun yi daidai, kuma suna da dalili. Shekarun baya wani kamfanin iri na Senegal ya nemi OAPI ta ba shi mallakar irin albasa da sunan Galmi, garin da ke jihar Tawa tsakanin Ƙonni da Madawa, inda manoma suka daɗe suna zaɓen wannan iri da hannunsu. Sai da Nijar ta tashi tsaye kafin kamfanin ya sake wa nasa suna. Wanda aka taɓa yi wa haka ba za a ce ya yi gaggawa ba idan ya je ya rubuta sunan kayansa. Akwai kuma tsohon darasi da ya shafe mu duka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme, ayari ya ratsa Sahara da ita, ta isa Turai ta tashoshin arewacin Afirka, can kuma aka san ta da sunan fatar Maroko. Masu ɗaure littattafai na Ingila sun yi ƙarnuka suna yabon ta da sunan wata ƙasa. Aikin namu ne, suna da ribar suna suka tafi wani wuri.

Damuwata a wani gefe take. Dokar ƙasa da ƙasa gwamnatoci ta sani, su ke sa hannu, su ke shigar da takarda, da sunansu ake rubuta abu. Kilishi kuwa na masu fawa ne, kuma fawa ta girmi iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906. Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa sarautarta bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa. Sarkin Fawan Maraɗi da na Katsina da na Kano da na Damagaram sana'a ɗaya suka gada, wuƙa ɗaya, labu ɗaya, yaransu suna koyo a hannun juna. Mai shagon da kansa ya ce mahaifinsa a Kano ya ƙaro hannu wajen haɗa yaji. Da zarar an sa abin cikin fom mai gurbin "ƙasa", dole a rubuta ɗaya a bar ɗaya, sai yaro mai hankali irin wannan ya ɗauka an raba gado an ba shi, ɗan'uwansa na Jibiya ya tashi a tutar babu. Ranar da wani babban kamfani a waje zai buga kilishi a injin ya sa masa sunan, zai tarar da masu abin sun rabu biyu suna musu a Facebook kan wa ya fara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan aka hau sama zuwa yarjejeniyoyin duniya, abin da ke akwai bai kai yadda ake zato ba. Yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, da ta fara aiki a 1995, ta yi wa sunayen asali matakai biyu. Sashe na 22 ya shafi kowane irin kaya, amma sai ka nuna cewa an ruɗi mai saye ko an yi gasa ta rashin gaskiya. Sashe na 23 na giya ne kaɗai, kuma shi ba ya neman wannan hujja. Ko mutum ya rubuta gaskiyar inda ya yi tasa, ko ya ƙara da cewa "irin ta wuri kaza", an hana shi taɓa sunan. Tun zagayen tattaunawar Doha na 2001 ƙasashe da dama ke neman a shimfiɗa wannan kariya mai ƙarfi ga sauran kaya, shinkafa da shayi da cuku da saƙa, ba a cimma ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Waɗanda suka fi ƙarfi a teburin sun tsare abin da suke sayarwa da babban kwaɗo, abincinmu aka bar shi da ƙarami.

A Janiba, WIPO, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ta kafa kwamiti tun shekarar 2000 don ya samar da doka kan ilimin gargajiya da al'adun al'umma. Sai a watan Mayu 2024 aka samu yarjejeniya ta farko daga wannan aiki, ita ma a kan abu ɗaya ta tsaya: mai neman takardar mallakar ƙirƙira da ta dogara da wani tsiro ko halitta, ko ilimin gargajiyar da ke tattare da su, ya bayyana inda ya samo. Abu ne mai amfani ga masu maganin gargajiya, kuma sai ƙasashe 15 sun amince da ita a hukumance kafin ta fara aiki. Waƙa da rawa da zanen hula da aikin dukanci da girki suna nan a kan tebur ana ta musu. Musun ba na banza ba ne, tambayoyin masu wuya ne. Dokar haƙƙin mallaka an gina ta a kan mutum ɗaya sananne da ya ƙirƙiri abu sabo, a ba shi wasu shekaru, daga nan abin ya zama na kowa. Al'ada ba ta da mawallafi, ba sabuwa ba ce, kuma masu ita ba sa son wa'adi. Ƙasashen da kamfanoninsu ke cin moriyar abin da aka ce na kowa ne ba sa son a taɓa wannan tsari.

Mutane sukan kawo UNESCO a nan, su ce ai an sa hawan sallar Kano a jerinta na al'adun gargajiya na duniya a Disamba 2024, an sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016, an sa wasan barkwanci na Nijar a 2014. Gaskiya ne, kuma na yi murna da kowanne. Amma yarjejeniyar 2003 da ta kafa wannan jeri ba ta ba kowa mallaka. Tana ɗaga sunan abu, tana ɗora wa gwamnati nauyin kula da shi da kai rahoto. Ba za ka ɗauki takardarta ka kai wani kotu ba. Duk da haka a cikinta na ga abin da nake so a yi wa kilishi. A 2020 aka sa kuskus a jerin da sunan ƙasashe huɗu a takarda ɗaya, Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya. Iyakar ƙasa tsakanin Aljeriya da Maroko a rufe take tun 1994, amma suka zauna suka yarda cewa tukunyar ta su duka ce. Nijar ma ta taɓa yin haka da Mali da Aljeriya a kan gogen Buzaye na imzad a 2013, Najeriya kuma tana tare da Benin da Togo a kan bikin Gelede na Yarabawa. Hanyar a buɗe take, kowace daga cikin ƙasashen biyu ta taɓa bin ta. Ko a ɓangaren rajistar asalin kaya, gyaran da aka yi wa tsarin Lisbon, wato yarjejeniyar rajistar sunayen asali tsakanin ƙasashe, a Janiba a 2015 ya yarda ƙasashe maƙwabta su shigar da suna ɗaya tare idan yankin ya ratsa iyaka.

Kafin a kai can, Najeriya ce ke da aiki a gabanta. An daɗe ana maganar daftarin dokar asalin kaya, shekaru suna wucewa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga tatsuniya da waƙa da rawa da sana'o'in hannu na gargajiya, amma ba ta inda mahauci zai shiga da labunsa. Abin da ke hannu shi ne tsohuwar dokar tambarin kasuwanci ta 1965, wadda ta yarda a yi tambarin shaida: wata ƙungiya ta rubuta sharuɗɗa, ta yi rajistar alama, duk wanda ya cika ya manna. Masu kilishin Kano ko Katsina za su iya fara wannan ba tare da jiran majalisa ba. Habasha ta bi hanya makamanciyar wannan da kofinta, ta yi rajistar sunayen kofin Sidamo da Harar da Yirgacheffe a matsayin tambari a ƙasashen waje, ta yi ja-in-ja da Starbucks, babban kamfanin sayar da kofi na Amurka, har suka sasanta a 2007.

Akwai masu cewa a bar al'ada ta yi yawonta, doka ba ta da hurumi. Wani abokin aikina yana kan wannan ra'ayi, kuma yana da hujjar da ba na iya turewa gaba ɗaya. Gyaɗar da ke cikin labu da barkonon da ke cikin yaji daga nahiyar Amurka suka zo bayan shekarar 1500. Kanumfari asalinsa tsibiran Indunusiya ne. Da kakanninmu sun tarar da dokar da ta hana aron abin wasu, da kilishin da muke taƙama da shi bai zama haka ba. Saboda haka ni ma ba na goyon bayan dokar da za ta hana Bayarabe ko Bature koyon kilishi ya yi ya sayar. Ya koya, ya yi, Allah ya ba shi kasuwa. Abin da nake so a hana shi ne ƙarya a kan asali, da kuma wani ya zo ya yi rajistar sunan a matsayin nasa shi kaɗai har ya hana masu abin shiga kasuwa da shi. An taɓa gwada irin wannan da kikoi, wani zanen ɗaurawa na gaɓar Afirka ta Gabas, wani kamfani a Ingila ya nemi ya mallaki sunan, aka yi ta ƙorafi, neman bai yi nasara ba.

Ina kuma tsoron kundin sharuɗɗa idan aka rubuta shi a ofis. Idan jami'i da masanin abinci suka zauna suka ce kilishi na gaskiya sai an yi shi a ɗaki mai tayil da injin busarwa, an biya kuɗin dubawa kowace shekara, to tsohon da ke shanya a kan gadon kara a Tasawa ko Gidigir, wanda a wurinsa aka koyi abin, shi zai fara fita daga cikin sunan. Tsabta wajibi ce, na riga na yabi ragar da shagon nan ya sa. Amma sharaɗin da talakan mahauci ba zai iya cikawa ba ya zama hanyar miƙa sunan ga masu jari. Kuma kundi yana iya daskarar da abu. Yajin Madawa daban, na Damagaram daban, na Kano daban, kowane gida da sirrinsa. Dole a rubuta shi da faɗin da zai ɗauke su duka, kuma masu wuƙa a hannu su ne za su faɗi abin da za a rubuta.

Da na gama wannan bayani, mai shagon ya ce, "Ɗana, duk na ji. Amma ni abin da ke hana ni barci shanu ne." Satar shanu da rashin tsaro a dazukan da ke tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara sun sa dabba ta yi tsada, wasu kasuwannin ƙauye sun mutu, makiyaya sun yi nisa. Ya ce cikin yaran da ya koya wa buɗa nama, kaɗan ne suka tsaya, don aikin yana cin baya da ido, ribar kuma ta ragu. Ban da amsar da zan ba shi daga cikin littattafaina. Babu yarjejeniyar Janiba ko Paris da ke mayar da saniyar da aka kora, kuma sunan da aka tsare ba ya amfani idan hannun da ya iya aikin ya ƙare. Na rubuta wannan ne don masu halartar taruka kan kare al'adu su ji daga bakin mai sana'a abin da ya sa a gaba.

Wani abu da masu saye ya kamata su sani, don yaron ya ce ana yawan tambayarsa: kada ka sayi kilishin nan da niyyar sa shi a akwati zuwa Turai ko Amurka. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko abin da aka yi da nama daga ƙasashen waje, Ingila ma haka, Amurka kuma tana hana nama daga ƙasashen da ke da ciwon baki da kofato na dabbobi. Za a karɓe a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Wannan shinge na lafiyar dabbobi shi ya fi kowace dokar suna tsare kilishinmu daga manyan kasuwanni, shi ya sa 'yan'uwanmu da ke can suke sayen nama a can su yi nasu. Idan ana son rajistar 2023 ta zama kuɗi a aljihun mahauci, sai an yi aikin kwata mai inganci da shaidar likitan dabbobi da ƙasashen za su yarda da ita. Zuwa Kano ko Abuja ko Yamai ko Agadas kuwa, babu matsala.

Ga mai son saye, lokacin hunturu ya fi, iska a bushe take, shanya tana kamawa da wuri. Da damina ka roƙi a naɗe maka a takarda kafin a sa a leda, kuma da ya iso ka buɗe shi ya sha iska, in ya yi laushi ka ɗan ɗora shi a kan garwashi ko kasko marar mai. Ka ce a haɗa maka rumuzu da fari, ka bar ja sai in yara za ka kai wa. Na bar wa yaron samfurin 'yar takarda mai gurbin ranar yi da nauyi da lambar waya, ya ce zai kai wa mai buga takardu bayan salla. Mahaifinsa kuma ya ce idan masu kilishin Katsina sun shirya zama a kan tambarin shaida, in sanar da shi, zai shigo mota ya zo ya faɗi yadda ake haɗa labu a gidansu.